Ra'ayinmu: Darasi Ya Iso Ƙauye, Saura Mai Amsa Tambaya

Duk wanda ya je hutu gida a garuruwan da ke arewa da birnin Kano cikin 'yan shekarun nan, ko Minjibir, ko Ɗambatta, ko Bichi, ko Dawakin Tofa, lalle ya ga wani sabon irin ɗalibi wanda iyayenmu ba su san shi ba a zamaninsu. Ba shi da ɗakin kwana a jami'a, ba ya shiga lacca, bai taɓa haɗa ido da malaminsa ba. Makarantarsa tana cikin aljihun rigarsa. Wani malamin firamare ne da ke neman digiri don kada ya tsufa a mataki ɗaya na albashi. Wani akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wata ma'aikaciya ce a asibitin sha-ka-tafi, wata kuwa matar aure ce da ta gama sakandare da sakamako mai kyau sa'an nan aka kai ta ɗaki. Wani ma sa'anmu ne, tare muka zauna jarrabawar shiga jami'a, ya ci, amma gurbi bai kai kansa ba. Dukkansu sun yi rajistar karatu ta intanet, waɗansu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, waɗansu a sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu kuma a kwasa-kwasan koyon aikin kwamfuta da ake bayarwa kyauta ko da kuɗi kaɗan.

Muna maraba da wannan al'amari, kuma ba mu tare da waɗanda ke yi masa kallon raini. Mu da muka ga an rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, muka kuma ga jami'o'in gwamnati a garƙame wata tara a wannan shekarar, da wata takwas a 2022, saboda yajin aikin malamai, ba mu da bakin da za mu ce wa wani hanyarsa ta neman ilmi ba ta da tabbas. Bugu da ƙari, wanda ya san wannan yanki ya san abin da ke tura mutane neman takarda. Ƙasa ce mai cunkoso ƙwarai, wadda ake nomawa kowace damina ba hutu tun kaka da kakanni, ana tallafa mata da takin gida da tokar birni. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarinta tun daga shekarun 1960, yana mamakin yadda take ɗaukar jama'a masu yawa haka. Amma gona ba ta haihuwa. Kowane rabon gado yana ƙara tsaga ta, har ta kai magidanci yana da abin da bai wuce ya ciyar da shi rabin shekara ba. Saboda haka kuɗin rajistar nan da ake biya, sau da yawa buhun wake ne aka kai Dawanau, ko tunkiyar uwa aka ja zuwa kasuwa. Gida ne gaba ɗaya ya zuba jari a kan mutum ɗaya.

To, abin da ya dame mu shi ne abin da ke faruwa bayan an biya kuɗin.

A ɗauki ɗalibin nan bayan sallar lisha, ya karɓo wayarsa daga shagon mai caji, ya sami wurin da sabis ke kamawa, ya buɗe darasin ƙididdiga ko na lissafin kuɗi. Yana bi yana fahimta, har ya zo wani layi inda malamin ya tsallake daga mataki na biyu zuwa na huɗu, domin a ganinsa na ukun a fili yake. Nan ɗalibi ya tsaya cik. Ya mayar da bidiyon baya, malamin ya sake faɗin abin da ya faɗa, da lafazi ɗaya, da murmushi ɗaya. Ko sau goma ya mayar, haka zai ji. A aji, da malami ya ga an yi tsuru-tsuru ya san an ɓace, sai ya canja misali, ko ya juya harshe zuwa Hausa na minti ɗaya, abin ya warware. Bidiyo ba ya ganin fuska, littafin da aka sauke a waya kuma ba ya jin kira. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma maganar tana da sharaɗi wanda ba a faɗa ba domin a da bai zama dole a faɗa ba: sai in akwai wanda za a tambaya a kan hanya.

Ina ɗalibin nan yake nufa ke nan? Galibi zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, inda mutum ɗari biyu ko uku suke. Kafin ya rubuta tambayarsa sai ya yi ta jujjuya ta, domin dole ya yi ta da Turanci, a gaban baƙin ido, kuma yana tsoron kada a gane abin da bai sani ba ƙaramin abu ne. In ya daure ya aika, cikin rabin sa'a gaisuwar Juma'a da tallar atamfa da cacar baki kan ƙwallo sun binne ta. In an yi dace wani ya amsa, to ɗan'uwansa ne ɗalibi wanda shi ma lalube yake yi.

A cikin irin waɗannan zauruka ne wata kasuwa ta tsiro wadda ya kamata mu kira ta da sunanta. A tsarin NOUN, akwai aikin gida da ake kira TMA, wanda ke ɗauke da kashi 30 cikin 100 na makin kwas, jarrabawa kuma ta ɗauki kashi 70. Asalin ma'anar sunan ita ce aikin da malami ke dubawa da hannunsa. Hikimar da ke ciki tun farko ita ce malami ya ga inda ɗalibi ya karkace, ya rubuta masa gyara a gefen takarda. Da ɗalibai suka yi yawa, aka mayar da aikin na zaɓi-ɗaya wanda kwamfuta ke yi wa maki nan take. Kwamfuta tana gaya maka ka ci bakwai cikin goma, amma ba ta zama da kai a kan ukun da ka faɗi. Sai ga waɗansu sun mai da tattara amsoshin nan sana'a, suna tallarsu a fili, ka tura kuɗi a turo maka. Ba za mu wanke mai saye ba, domin ya san abin da yake yi. Amma duk wanda ya tsaya a kan zagin ɗalibi kaɗai bai dubi tushen abin ba. Mutumin da ya kwana uku da tambaya bai sami mai amsa masa ba, ga wa'adin rufe shafi ya matso, ga kuɗin tunkiyar uwarsa a ciki, shi ne kasuwar mai sayar da amsa. Ya tafi neman bayani, abin da ya samu a kasuwa shi ne harafin da zai danna.

Tun daga ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ta fito, an sami wata ƙofa kuma. Yanzu ɗalibi na iya rubuta tambayarsa wa na'ura da tsakar dare ta ba shi amsa cikin daƙiƙa, ba ta gajiya, ba ta yi masa dariya, in ya ce ta sake bayani da sauƙi ta sake. Ƙarya ne mu ce ba ta da amfani, domin mu ma nan cikin jami'a ana aiki da ita dare da rana. Ga mai jin kunyar tambaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai tana da wani hali wanda ya fi cutar da wanda ya fi bukatarta: muryar da take faɗin daidai da ita, da ita take faɗin kuskure. Ba ta inda-inda. Takan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta jingina shi ga marubucin da ke raye. Wanda ya riga ya san fannin zai gane inda ta zame, ya ɗauki tsaba ya zubar da ƙaiƙayi. Wanda yake koyo fa, da me zai auna? Kuma yawancin abin da aka ciyar da ita da shi daga wasu ƙasashe ya fito. Ɗalibin aikin gona a Kunci ko Makoɗa wanda ya tambaye ta yadda zai yi da ƙuduji a gonar gero da aka haɗa da wake, a jigawa, ga ɗan taki kaɗan, zai iya samun jawabi mai tsari da kyan Turanci wanda aka gina a kan gonar da ake nomawa da tarakta. Tsohon da ke zaune a gindin gawo kusa da shi ya fi na'urar sanin wannan gonar, malamin gona kuma ya fi su duka sanin abin da binciken Samaru ya gano. Amma babu wanda ya haɗa ɗalibin da ɗayansu.

Kada a ɗauka wannan matsala sabuwa ce. Karatu daga nesa ya girmi intanet da shekaru masu yawa a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai akawuna da malaman makaranta da suka yi karatu ta gidan waya da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Mutum ya rubuta aikinsa ya sa a ambulan, ya jira makonni kafin ya dawo. Jinkirin ya yi yawa, amma abin da ke dawowa takarda ce da wani ɗan Adam ya karanta, ya ja layi da jan biro, ya ce nan ka kauce, ga dalili. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka rasa isassun malamai, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, don horar da malamai suna bakin aikinsu. Ita ma ba ta tsaya ga raba littattafai ba. Ta sa cibiyoyi inda ɗalibai ke haɗuwa da masu koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma da yawa daga malaman da suka koyar da mu a firamare ta nan suka bi. Haka nan Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗalibanta na farko kimanin 25,000 a 1971, wadda kuma tamu ta yi koyi da ita: darussanta na fita ta rediyo da talabijin na BBC, amma kowane ɗalibi an haɗa shi da wani malami sananne, mai suna, wanda ke duba aikinsa kuma ake iya nemansa. Waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa sun fahimci cewa aika darasi shi ne ɓangare mai araha, amsa tambaya shi ne mai tsada, kuma ba su gudu daga tsadar ba.

Mu ma a gida muna da namu misalin, wanda ya girmi duk waɗannan. A makarantar zaure, wadda har yau ba ta mutu ba a garuruwanmu, ɗalibi yakan zo da littafinsa, ko Ahalari, ko Iziyya, ko Risala, ya karanta gwargwadon ƙarinsa, malam ya fassara ya yi sharhi, in da ishkali a warware shi nan take kafin a tashi. Sauran da ke zaune suna jiran layinsu suna ji, kowa na tsintar abin da bai tambaya ba. In an fita, manyan ɗalibai su yi wa ƙanana bita. Littafin kuwa ana sayar da shi a kasuwar Kurmi, kowa na iya saye ya kai gida. Amma ba a taɓa cewa wanda ya sayi Risala ya karanci Risala ba, sai an tambaye shi a gaban wa ya karanta ta. Mutanen da ba su da lantarki ba su da waya sun gane abin da masu manhajar zamani suke neman mantawa.

Akwai alƙaluman da ke nuna sakamakon mantuwar. A 2019 wasu masu bincike biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, suka buga nazari a mujallar Science kan kwasa-kwasan intanet na kyauta da jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suke bayarwa. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka kai ƙarshe. Gaskiya ne da yawa leƙe kawai suka je yi, ba su yi niyyar gamawa ba. Duk da haka a tuna, mafi yawan waɗannan mutane suna ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, Turanci kuma ba baƙonsu ba ne. In haka ta faru da su, ina ga mai karatu a Tsanyawa?

Adalci ne mu faɗi abin da aka yi. NOUN ta sha wuya kafin ta tsaya da ƙafarta: gwamnatin Shehu Shagari ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai 2002 a zamanin Obasanjo. Daga 2016 zuwa 2021 ɗan Kano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu. Ta sa littattafan kwasa-kwasanta a intanet kowa ya sauke kyauta, ta tanadi malaman da ke ganawa da ɗalibai ta bidiyo a lokuta ƙayyadaddu, an kuma buɗe mata cibiyoyin karatu a ƙananan hukumomin Kano ta Arewa, ciki har da Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa. Wannan ci gaba ne, kuma mun yaba. Amma ganawa ta bidiyo kai tsaye tana cin data kamar wuta a karmami, ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Sa'an nan lokacin da aka sa ganawar ba lalle ya dace da na mai shiga aji da safe, ya wuce gona da yamma ba. Cibiya kuma, ko ta wace makaranta ce, in aikinta ya tsaya ga rajista da zana jarrabawa, to ofis ce. Abin da zai mai da ita makaranta shi ne a san cewa ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, akwai mai ilmin lissafi zaune a ciki yana jiran tambaya. Muna kira ga duk makarantar da ke karɓar kuɗin ɗalibi daga nesa da ta ɗauki wannan a matsayin haƙƙin da aka biya, ta gaya wa ɗalibi sunan wanda zai amsa masa da kwanakin da amsar ba za ta wuce ba. Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Akwai malamai a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi, akwai a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, akwai a makarantun sakandare na kowace ƙaramar hukuma, waɗanda ɗan alawus zai sa su ba da yammacin Asabar.

Wadda abin ya fi shafa kuwa ita ce 'yar'uwarmu da ke cikin gida. Ita ce aka fi yi wa alkawari da wannan tsari, aka ce ga jami'a ta zo har ɗakinki. Namiji in ya maƙale yana iya hawa babur ya tafi wurin abokinsa a Bichi, ko ya tare malamin sakandare a majalisa bayan la'asar. Ita ba ta da majalisa, kuma ba kowane miji ne zai so ta riƙa kiran wani namiji a waya da dare tana tambayar lissafi ba. Idan ba a sami mata masu ilmi da za su zauna da irinta ba, to an buɗe mata ƙofa an kuma gina katanga a bayan ƙofar.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, mu da muke fama da namu cunkoson a ɗakin lacca? Ruwanmu a bayyane yake. Malamin firamaren da ya sayi amsa har ya karɓi digiri, ƙannenmu zai koma ya koyar. Ma'aikaciyar lafiyar da na'ura ta ba gurguwar fahimta, iyayenmu mata za ta duba. Akawun da ya haddace harafi bai fahimci lissafi ba, shi zai riƙe baitulmalin ƙaramar hukumarmu. In takardar shaida ta yawaita ilmi bai yawaita ba, darajar wadda muke wahala a kanta ita ma ta faɗi, domin mai ɗaukar aiki ba zai tsaya tantancewa ba. Ban da wannan ma, yawancinmu da kuɗin gero da gyaɗar ƙauyukan nan aka kawo mu inda muke, kuma bambancinmu da ɗalibin cikin aljihu sau da yawa bai wuce sa'ar samun gurbi ba.

Saboda haka ba za mu jira hukuma kaɗai ba. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a jami'o'i, kuma kowa ya san yawancin ƙarfinsu a bikin karɓar sababbi da rabon kalanda yake ƙarewa. Ga aikin da ya fi wannan. A lokacin hutu, musamman da rani sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, kowace ƙungiya ta nemi aron aji ɗaya a makarantar firamare ta garin daga hannun hedimasta, da sanin mai gari, ta sa rana ɗaya a mako. Ɗalibai mata su sami gidan da aka yarda da shi su zauna da mata. 'Yan'uwanmu ma'aikata matasa da aka tura ƙauye, da masu yi wa ƙasa hidima, su ne za su riƙe zaman in mun koma makaranta, domin su suna nan duk shekara, kuma da yawansu suna kukan kaɗaici da rashin abin yi bayan an tashi aiki.

Amma fa zaman yana da ƙa'ida, in ba haka ba mun buɗe wa masu sayar da amsa reshe ne na kyauta. Ba a karɓar wayar mutum a yi masa TMA. Shi zai fara nuna inda ya kai da inda ya tsaya, ko da Hausa, ko da kame-kame, domin wanda ya iya faɗin inda ya ɓace ya yi rabin hanyar dawowa. In ya zo da amsar da na'ura ta ba shi, a buɗe littafin kwas a gwada su tare, ya ga da idonsa inda suka dace da inda suka saɓa, har ya koyi yin haka shi kaɗai. In kuwa tambaya ta fi ƙarfin ɗan aji biyu, kada girman kai ya sa ya ƙaga amsa don a ce ɗan jami'a ne. Ya rubuta ta, ya taho da ita, ya kai wa malamin sashensu, kamar yadda malamin gona na kirki ke ɗaukar cutar da bai gane ba daga gonar manomi ya kai wa masu bincike, ya komo da magani. Mun san malamanmu da yawa da za su ji daɗin irin wannan tambaya fiye da roƙon ƙarin maki da suka saba ji a ofis.

A namu ɓangaren, wannan mujalla ta ware shafi biyu daga fitowa ta gaba don tambayoyin da aka kawo daga irin waɗannan zama, tare da amsoshin malaman da suka yarda a buga sunansu, da Hausa, kalmomin fannin kuma a bar su yadda ɗalibi zai gamu da su a jarrabawa. Muna roƙon majalisar wakilan ɗalibai ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta kafin a tafi hutu, shugabannin ƙungiyoyin ƙananan hukumomi kuma su kawo wa ofishin edita sunayen masu son ba da lokacinsu, da fannin kowa, da garin da zai yi hutu, don a san inda aka rasa mai lissafi ko mai Turanci a nemo daga garin da ke kusa.